Kafin a sayo shanu da allura daga waje, a san cutar kaskar da ke cikin garken Sakkwato

Duk shekara idan damina ta kankama, daga Yuli zuwa Satumba, ƙorafi iri ɗaya ake ji a rugage da gidajen kiwo na Sakkwato: saniya ta daina tuƙa, ido ya yi fari, an yi allura ba ta ci ba. Wanda ya sayo bijimi a kasuwar Illela ko Acida ya zuba cikin garkensa, bayan wata guda ya ga manyan shanu biyu ko uku sun kwanta, abin da zai fara cewa shi ne jabun magani aka sayar masa. Wani lokaci da gaskiyarsa, domin jabu ya cika kasuwa. Amma akwai dalilin da ba a cika kawowa ba. Ƙwayar cutar da kaska ke ɗauka rassa gare ta masu yawa, wato iri-iri ce, kuma saniyar da jikinta ya saba da reshen Gwadabawa ba lallai ne ta saba da wanda aka kwaso daga Neja ko Kwara ko Jamhuriyar Benin ba.

Ra'ayinmu a nan shi ne, duk kuɗin da gwamnati ko mai hali zai kashe wajen kawo shanun madara daga waje, ko sayo allurar rigakafin cutar kaska daga wata ƙasa, ko ƙaddamar da yaƙin kawar da kaska, ya kamata ya jira ƙaramin aiki guda: a ɗebi jinin shanunmu a gano rassan ƙwayar da ke yawo a jihar, da inda kowanne ya fi yawa, da hanyar da yake shigowa.

Ƙwayar da muke magana a kai sunanta Anaplasma marginale. Bakteriya ce da ke zama cikin jajayen ƙwayoyin jinin saniya. Likitan dabbobi Arnold Theiler ne ya bayyana ta a Afirka ta Kudu a 1910. Idan aka shafa ɗigon jinin kunne a kan gilashi, aka busar, aka kafe shi da metanol, aka rina da ruwan Giemsa na kamar rabin awa, abin da za a gani a madubin likita ɗan ɗigo ne mai duhu, zagayayye, a manne a gefen ƙwayar jini. Ba ita ke fasa jinin da kanta ba. Saifa ce ke tsince duk ƙwayar jinin da ta kamu tana rusawa, har da masu lafiya idan abin ya yi tsanani. Shi ya sa saniya ke ƙarancin jini da shawara amma fitsarinta bai yi ja ba. Wannan bambancin yana da amfani a ruga, domin fitsarin jini alamar Babesia ce, wata cutar kaska dabam da ba bakteriya ba, kuma maganinta dabam. Berenil da makiyayi ya fi yarda da shi yana kashe Babesia da sammore, amma ba ya taɓa Anaplasma ko kaɗan. Shanu da yawa sun mutu da Berenil a jikinsu saboda wannan ruɗanin.

Daga cizon kaska zuwa bayyanar ciwo ana ɗaukar mako ɗaya zuwa wata biyu, galibi kamar kwana 28. Zafin jiki kan kai digiri 40 zuwa 41, nono ya ɗauke, kashi ya yi tauri, numfashi ya yi sama-sama, mai ciki ta yi ɓari. Saniyar da ke da sanyin hali tana iya komawa mai faɗa saboda ƙarancin iska a ƙwaƙwalwa. A mayanka rundawa sun san gawar da gani: jini ya tsinke kamar an sirka shi, kitse da fatar ciki sun yi rawaya, saifa ta kumbura ta yi laushi, maɗaciya ta cika tam da ruwa mai kauri. Maraƙi ɗan ƙasa da shekara da wuya ya nuna komai. Babba mai shekara biyu zuwa sama da bai taɓa haɗuwa da cutar ba shi ne ke faɗuwa, kuma a irin waɗannan mutuwa kan kai kashi 30 zuwa kusan 50 cikin ɗari na waɗanda suka kwanta idan ba a yi magani ba.

Wadda ta tashi kuwa ba ta rabu da ƙwayar ba, za ta riƙe ta har ƙarshen ranta. A nan ne maganar rassa ta fara. A fatar ƙwayar akwai wani furotin da masana ke kira MSP2. Da zarar garkuwar jikin saniya ta gane shi ta fara kashewa, sai ƙwayar ta ɗauko wani guntun bayani daga ajiyar da take da ita cikin ƙwayoyin gadonta ta sauya fasalin furotin ɗin. Garkuwa ta sake farawa daga tushe. Haka ake ta yi duk bayan 'yan makonni, ƙwayar ta ɗan yi yawa a jini ta ragu, saniya tana kiwonta ba wanda ya sani. Kowane reshe da irin ajiyarsa. Idan sabon reshe ya zo da ajiyar da ta saɓa wa ta tsohon, yana iya samun wurin zama a jikin saniyar da tuni take ɗauke da wani. Da can an ɗauka reshe ɗaya ne ke iya zama cikin dabba ɗaya. Bincike a ƙasashe masu zafi, inda kaska ke da yawa, ya nuna saniya guda tana iya ɗaukar rassa biyu, uku ko fiye a lokaci guda.

Hanyar da ake bambance rassan ta wani furotin ce, MSP1a. A farkonsa akwai gajerun gaɓoɓi da ke maimaituwa, kowace gaɓa tana da tubala kamar 23 zuwa 31, kuma adadin gaɓoɓin da jerinsu ya bambanta daga reshe zuwa reshe. Kamar tsagar fuska ce: da ka ga zanen ka san Bagobiri ne ko Bakabe, ko da bai buɗe baki ba. An riga an rubuta irin waɗannan gaɓoɓi sama da 200 a duniya, kuma kusan duk inda aka yi sabon bincike a Afirka sai an samo waɗanda ba a taɓa gani ba. An karanta dukkan ƙwayoyin gadon wani reshen Amurka mai suna St. Maries a 2005, tsawonsa kusan harafi miliyan 1.2, kuma daga nan aka ga dukkan ajiyar MSP2 da yake da ita. Sai dai a yi hattara, tsagar tana gaya maka asali ne kawai. Ba ta gaya maka wane reshe ya fi kisa. Wannan sai an haɗa sakamakon da abin da ya faru da shanun da aka ɗebi jininsu. Abin da aka tabbatar shi ne rassa sun bambanta a zafin cuta, sun bambanta a irin kaskar da ke iya ɗaukarsu (akwai reshen Florida da kaskar da aka gwada ta kasa yaɗawa), kuma kariyar da wani reshe ke bayarwa a kan wani ba cikakkiya ba ce. Sau da yawa takan rage tsananin ciwo, ba ta hana kamuwa.

Me ya sa wannan ya shafi Sakkwato fiye da wurare da yawa? A dubi yadda shanu ke motsi. Daga arewa, shanun Azawak da Rahaji na shigowa ta Ƙonni zuwa Illela, da ta iyakokin Tangaza da Gudu da Sabon Birni. Da rani garkuna na gangarawa kudu ta Kebbi zuwa Neja da Kwara, wasu har Benin, su dawo da farkon damina da kaska a hantsa da ƙarƙashin wutsiya. Rashin tsaro a gabashin jihar da Zamfara ya sauya burtali, ya cusa garkunan da ba su taɓa haɗuwa ba a mashaya ɗaya. Fadamun Rima da Goronyo da Wurno da Kware suna riƙe danshi lokacin da tudu ya bushe ƙurmus, don haka kaska da bobuwa, masu yaɗa ƙwayar, ba sa ɗaukewa gaba ɗaya a can. Ga kuma masu kiwon turka a cikin gari da ke sayo shanu daga kasuwa uku ko huɗu su ɗaure a gida ɗaya kafin Babbar Sallah. Ostareliya, wadda ta tsaurara shigowar shanu daga waje tun da daɗewa, kusan reshe ɗaya aka samu a duk faɗin ƙasar. Namu yanayin kishiyar wannan ne.

Yawan cutar a shanun Najeriya ba abin tababa ba ne. Wani bincike da aka buga a 2016 a kan shanu 704 na ƙauyukan Filato ya samu Anaplasma marginale a kashi 39 cikin ɗari, kuma sama da kashi 80 na shanun suna ɗauke da aƙalla ƙwayar cutar kaska guda. Shanu ne da ke tsaye suna kiwo. Filato ta fi mu ruwa da sanyi, ba za a ɗauki alƙaluman can a ɗora wa Gada ko Tureta ba, kuma wannan ma hujja ce ta a yi namu.

Akwai sabon baƙo da ya ƙara wa lamarin nauyi. Kaskar Rhipicephalus microplus, wadda ta addabi Brazil da Ostareliya, ba a san ta a Afirka ta Yamma ba sai a 2007 da aka gan ta a Kwaddebuwa. Ta shigo ne a jikin shanun madara da aka sayo daga Brazil, haka ma a Benin. Daga nan ta bazu Burkina Faso da Mali da Togo, kuma an tabbatar da ita a Najeriya. Tana hayayyafa da sauri, tana ture kaskar gida ta maye gurbinta, tana ɗaukar Anaplasma da Babesia bovis mai kisa, kuma a wurare da yawa ta riga ta saba da magungunan feshi. Bushewar Sakkwato da zafin Afrilu mai wuce digiri 40 ba sa yi mata daɗi, amma garken da ya yi rani a kudu yana dawowa ne daidai lokacin da ciyawa ta fara tsiro. Shirin inganta madara ne ya kawo ta yankin, da kyakkyawar niyya, ba tare da an killace shanun an duba su yadda ya kamata ba. Duk jami'in da ke rubuta takardar sayo Friesian ko Jersey ko Brangus ya kamata ya san wannan tarihin.

Saniyar waje hatsari biyu take kawowa. Tana iya zuwa da reshen da shanunmu ba su sani ba. Abin da ya fi faruwa kuma, ita ce ke zuwa ba ta san namu ba. Karsana 'yar shekara biyu da ta girma a gonar da ba kaska, aka sauke ta kusa da Gudali masu ɗauke da ƙwayar, aka yi musu allurar rigakafin ciwon huhu da tsinke ɗaya, ba ta buƙatar ko kaska guda kafin ta kwanta. Miliyoyin naira ne ke faɗuwa cikin mako shida, sai a ce iskar wurin ce ba ta karɓe ta ba.

Za a ce to a sayo rigakafi. Akwai shi. Theiler ya gano 'yar uwarta mai sauƙin ciwo, Anaplasma centrale, a 1911, kuma har yau ita ake sa wa maruƙa da rai a Afirka ta Kudu da Isra'ila da Ostareliya da wasu ƙasashen Kudancin Amurka. Jini ne na dabbar da aka sa wa ƙwayar, ana ajiye shi a daskare cikin ruwan naitirojin ko busasshiyar ƙanƙara, kuma da an narkar dole a yi amfani da shi nan take. A yi tunanin kai shi Isa ko Kebbe a watan Mayu. Ana ba maruƙa ne 'yan wata huɗu zuwa tara, domin babba yana iya kwantawa daga allurar kanta. Bayan duk wannan wahala, an samu wuraren da bai kare shanu daga reshen gida ba, kamar Zimbabuwe da Faragwai, alhali a Ostareliya mai reshe kusan ɗaya yana aiki lafiya. Amurka ta yi rigakafi na matacciyar ƙwaya, ya fi kare dabba daga reshen da aka yi shi da shi, kuma an janye shi daga kasuwa a 1999.

Darasi mafi kusa da mu daga Burkina Faso ya zo, a kan wata bakteriyar kaska, Ehrlichia ruminantium, mai tara ruwa a jakar zuciya da huhu. Ita ce ke sa dabba ta riƙa zagaye, ta faɗi tana shure-shure, kuma tana yi wa tumaki da jajayen awakinmu ɓarna fiye da shanu. Kaskar da ke ɗaukarta ita ce mai adon nan a baya da dogon baki, Amblyomma variegatum, wadda kuma ke tsananta kirci. Masu bincike a yankin Bobo-Dioulasso sun gwada rigakafin da aka yi da reshen Gardel na tsibirin Gwadalup a kan tumaki, kariyar ta zo da rauni. Da suka ƙara reshen gida cikin haɗin, kariyar ta ƙaru. Sun kuma tarar da rassa da yawa suna yawo a ƙauyukan da ke kusa da juna. Ko a Afirka ta Kudu, rigakafin Ball 3 da ake amfani da shi ba ya kare dabba daga dukkan rassan ƙasar. Wanda ya sayo kwalba daga can ya kawo Bodinga bai san jinin da ke shanun Bodinga ba, caca ya yi da kuɗin jama'a.

Aikin da muke kira a yi ba shi da girman da ake tsammani. A zaɓi wurare iri huɗu: kasuwannin iyaka, garkunan fadama da ba sa tafiya, garkunan da ke zuwa kudu su dawo, da gonakin madara na kewayen birni. A ɗebi jini sau biyu, ƙarshen rani da ƙarshen damina. Mil uku zuwa biyar daga jijiyar wuya cikin kwalba mai murfin shunayya, wadda ke da EDTA mai hana daskarewa, a juya ta a hankali, a sa a akwatin ƙanƙara. Inda ƙanƙara ba za ta kai ba, a ɗiga jinin a katin FTA, takardar da ke adana samfurin jini don gwaji, a bar shi ya bushe a inuwa, yana daɗewa ba firji. Kowace kwalba ta zo da shekarun dabba, irinta, inda ta yi rani, maganin da aka ba ta a wata ukun baya, da kaskar da aka cire daga jikinta cikin barasar asibiti mai ƙarfin kashi 70. Kwalbar da ba bayani asarar kuɗi ce. A auna kaurin jini nan take, wato kason jajayen ƙwayoyi cikin ɗari: lafiyayyar saniya tana tsakanin kashi 24 zuwa 46, wadda ta faɗo ƙasa da 15 tana bakin mutuwa.

Madubin likita ba zai wadatar ba, domin a jikin mai ɗauke da ƙwayar ba tare da ciwo ba adadinta ya yi ƙasa da abin da ido ke kamawa, kuma dattin rini yana kama da ita ƙwarai. Sai an yi gwajin PCR, mai gano ƙwayoyin gadonta a cikin jini, a tabbatar da ƙwayar, sannan a ninka yankin MSP1a a karanta jerinsa. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a karanta samfurin kai tsaye a rubuta reshe ɗaya. Idan dabba na ɗauke da uku, sakamakon zai fito a cakuɗe, ko mai rinjaye ya rufe sauran. Dole a rarrabe su kafin karantawa, ko a yi amfani da injin da ke karanta dubbai a lokaci guda. Tsangayar likitancin dabbobi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo da asibitin koyarwarta suna nan a gari, cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom ta fi shekara ɗari tana wannan fanni, akwai shirin tallafa wa kiwo na L-PRES da Bankin Duniya ya ware wa dala miliyan 500 a 2022, ga Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta tarayya da aka kafa a 2024. Kuɗin karsana goma na waje zai yi nisa a wannan aiki. Sharaɗi ɗaya za mu gindaya: sakamakon kada ya ƙare a mujallar Turai. A dawo da shi ga likitocin ƙananan hukumomi da ardo-ardo, da Hausa da Fulatanci.

Mun san amsar da za a ba mu, kuma ba ta banza ba ce. Makiyayin da 'yan bindiga suka kore wa garke, ko wanda ciwon huhu da bauru suka shiga wa, ko wanda buhun dusa ya gagara, ba jerin furotin ne damuwarsa ba. Gudali da Bunaji kuma ba sa yawan mutuwa da wannan cuta. Haka ne. Amma a tambaya me ya sa ba sa mutuwa. Maraƙi yana shan dakashi ya samu kariyar uwa, kaska ta cije shi yana ƙarami lokacin da jikinsa ke iya jurewa, ya girma yana ɗauke da rassan yankinsa. Wannan daidaiton dukiya ce da ba a saya ba, kuma abubuwan da ake kira ci gaba su ne ke rusa ta: feshi duk mako har maraƙi ya girma bai ga kaska ba, haɗa jini da shanun Turai, da cakuɗa garkuna daga nesa. Muddin jihar na son madara mai yawa, tana matsawa ne daga inda cutar ke kwance zuwa inda take tashi. Ko a Gudalin ma, yunwar ƙarshen rani da ciki da doguwar tafiya da sammore suna raunana garkuwa har ƙwayar da ke kwance ta ɗaga kai.

Saboda haka ba mu goyon bayan kiran a kawar da kaska ƙaf daga shanun gida. A rage ta dai. Amitraz mai ƙarfin kashi 12.5 ana sa mil 2 a kowace lita ta ruwa, wato mil 30 a famfon goyo mai lita 15, kuma babbar saniya na buƙatar lita uku zuwa biyar kafin ta jiƙe har fata. Famfo ɗaya shanu uku ne zuwa biyar, ba ashirin ba. A bi kunne, hammata, matsematsi, hantsa, ƙarƙashin wutsiya da tsakanin kofato, da safe ko da yamma, bayan an shayar da su. Wanda ya tsinka maganin don ya kai garke duka yana horar da kaska ne ta saba da shi. Kada amitraz ya taɓa doki ko jaki, yana iya kashe su. Maganin feshin wake da na auduga kuwa ba na jikin dabba ba ne, kuma ana yawan ganin shanun da suka mutu ta wannan hanya. A tsananta feshi a farkon damina lokacin da manyan kaska ke hawa, a sassauta da rani. Shanun waje da ruwa-biyu su ne ke buƙatar tsari mai tsauri duk shekara, kuma wanda ba zai iya ba gara kada ya saya.

Allura ma tana yaɗa reshe daga dabba zuwa dabba, kuma wannan laifin na mutane ne, har da ma'aikatan gwamnati a lokacin gangamin rigakafi. An gwada a Amurka: aka soka tsinke a jikin mai ɗauke da ƙwayar, aka soka wa lafiyayyu, shida cikin goma suka kamu. A rugage sirinji ɗaya da tsinke ɗaya ke bin shanu arba'in, a goge a gefen riga a mayar aljihu. Haka askar tsaga kunne da kayan dandaƙa da na yanke ƙaho. Tsinke sabo ga kowace dabba shi ne daidai. Inda ba hali, a tanadi guda goma, a wanke jinin, a tafasa su minti goma zuwa sha biyar, a riƙa juyawa. A fara da maruƙa da baƙin shanu, a ƙare da tsofaffi da marasa lafiya. Duk kasafin rigakafin da ya sayi magani bai sayi tsinke ba yana raba cuta kyauta.

Sai maganar "allura ba ta ci ba". Oksitetarasaikilin mai dogon aiki, mai ƙarfin kashi 20, ana ba da mil 1 ga kowane kilo 10 na nauyin dabba, cikin tsoka. Saniyar Gudali mai kilo 300 mil 30 take buƙata, a raba wuri biyu ko uku. Abin da aka saba bayarwa sirinji ɗaya ne na mil 10, kashi ɗaya cikin uku ke nan. Ga kuma ruɗanin kwalabe: mai ƙarfin kashi 5 launinsa ɗaya da mai kashi 20, ya fi araha, amma saniyar nan za ta buƙaci mil 60 kullum na kwana uku zuwa biyar. Igiyar awon ƙirji mai nuna nauyi ba ta da tsada, ta fi kintace. Imidokab yana aiki a kan Anaplasma a miligiram 3 ga kilo, wato mil 2.5 ga kilo 100 na mai ƙarfin kashi 12, yana kuma kama Babesia, amma yana sa dalala da ciwon ciki, yana daɗewa a nama, aikin likita ne. Lokaci ya fi komai: maganin da aka bayar ranar da zazzaɓi ya fara yana ceto, wanda aka bayar bayan ido ya yi rawaya sau da yawa ya makara. A auna zafi da sassafe, domin da rana kowace saniya a Sakkwato zafi gare ta. Mara lafiya kada a kore ta zuwa mashaya ko a kayar da ita da ƙarfi, zuciyarta na iya tsayawa. A kai mata ruwa da ciyawa a inuwa. A kiyaye kwanakin da aka rubuta a kwalba kafin a sayar da nono ko a yanka. Kuma kada a zaci allurar ta wanke ƙwayar daga jini, yawanci tana nan.

Game da sabuwar saye, a ware ta aƙalla kwana 30, a yi mata feshi ranar da ta iso kafin ta taka makiyaya, a maimaita bayan mako guda, a ware mata tsinkenta, a ci gaba da sa mata ido har wata biyu, tare da manyan shanun gida da ta shiga cikinsu. Gonakin madara su yi gwajin jini kafin biyan kuɗi. A matakin gwamnati, takardar shaidar ƙaura da yarjejeniyar ECOWAS ta 1998 ta tanada tana ɗauke da adadin dabbobi da rigakafinsu da hanyar da za su bi, kuma da ana cike ta da gaske, rabin bayanin da masu bincike ke nema yana ciki. Ofishin likitan dabbobi a kasuwar iyaka aikinsa ya wuce yankan rasit. A ba shi ma'aunin zafi, gilashin shafa jini, katin FTA, wurin feshi mai magudana, da littafin da za a rubuta daga ina kowace tirela ta taso da inda za ta sauke.